A daina cire wa motoci tamostat da sunan zafin ƙasarmu

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili in yi magana da 'yan uwana makanikai da masu motoci. Na fi shekara 20 ina gareji, kuma laifin da zan faɗa ni ma da hannuna na aikata shi, ba sau ɗaya ba.

Mota ta sauka daga Kwatano, kafin ma a yi mata lamba, sai a ce wa mai ita: "Alhaji, a cire tamostat, na ƙasar sanyi ne, a haɗa fanka dairek." Haka maigidana ya koya mini, haka na koya wa yarana. Sai da wata Golf 3 ta dawo mini sau uku da kukan shan mai, fulogi baƙi ƙirin, na zauna na yi wa kaina tambaya.

Tamostat ƙofa ce kawai tsakanin inji da lagireto. A cikinsa akwai kakin da ke kumbura idan ya ji zafi, ya tura ƙofar ta buɗe. Da safe yana rufe don inji ya yi saurin ɗumama. In aka cire shi, musamman da hunturu, motar sai ta daɗe tana ganin kanta a sanyi, kwamfutarta ta yi ta ƙara mata fetur, ragowar ya sauka ya tsinka baƙin mai. Tun da aka janye tallafi a 2023, wa ke da man zubarwa? Abin da ya fi ba ni mamaki, a injina da yawa tamostat yana da faifai a gindinsa da ke toshe wata gajeriyar hanya idan ya buɗe. Babu shi, wani ruwan zafin zagayawa yake yi a cikin inji bai leƙa lagireto ba. Ka ga an gudu ba a tsira ba.

Wajen saye, kada a tsaya ga "ai ya shiga". A juya shi a duba lambar da aka buga a jikinsa. Yawancin Corolla 82 ne, Golf 3 kuwa 87, wato digirin zafin da yake fara buɗewa ke nan a ma'aunin Salsiyos. Ni yanzu ko sabo ne a kwali sai na gwada. Nakan ari tukunya wurin mai shayin bakin garejinmu, in ɗaure shi da waya in zura a ruwa bisa wuta. Kafin ruwan ya tafasa za ka ga bakinsa ya ɗaga a hankali, in ka tsamo shi ya huce ya koma ya rufe. Wanda ya yi ƙememe har ruwa ya tafasa, mayar wa mai shago abinsa.

Suwic ɗin fanka, wato wanda ke kunna ta idan ruwa ya yi zafi, shi ma yana da lambarsa. Na Golf mai ƙafa uku gudu biyu yake bayarwa: ƙarami a wajen 95, babba a wajen 102. In ka ɗaura wanda lambarsa ta yi ƙasa da ta tamostat, fanka ba za ta huta ba, in ta yi sama da yawa, sai allurar zafi ta kusa ja kafin fanka ta tashi. Kuma ba duka ke aiki iri ɗaya ba. A tsofaffin Toyota, da ka zare soket fanka za ta kama, a Honda kuwa sai ka haɗa wayoyin biyu. Musanya su ya sa rewaya da yawa sun kwana suna neman laifin da babu.

Ɗaurawa ba wuya, sai dai gaggawa. A bari inji ya huce. Ɓangaren sifirin ya kalli inji, ɗan ramin fitar iska ya kasance a sama, a sa sabuwar roba. Suwic a sa masa sabuwar washa, kada a danne shi da ƙarfin tuwo, lagireton yanzu roba ce da alminiyam. Mai ƙafa ɗaya kada a naɗe masa zare da farin tef, ta jikinsa yake samun as, wato haɗuwa da ƙarfen mota da ke cika zagayen wuta. Bayan an zuba ruwa a bar motar tana aiki har tiyo na sama da na ƙasa su yi zafi, iska ta fita, fanka ta tashi ta tsaya da kanta.

Motar da ke zafi a cunkoson watan Afrilu, galibi lagireto ne ya toshe da ruwan rijiya, ko murfinsa ya saki, ko famfon ruwa ya cinye, ko rile ya mutu. Tamostat ɗin ma yakan maƙale, ban musa ba, amma maganinsa sabo.

Mai Golf ɗin nan da ƙyar ya yarda na mayar masa da nasa, har yana cewa in inji ya ƙone ni zan biya. Yanzu Kano zuwa Katsina yake yi kullum, allurarsa na tsaye a kan 90.

Naku,
Wani bakanike daga Kano