Na je taron 'yan gurguzu da ƙafata

Malam Edita, assalamu alaikum. Ina yi maka fatan alheri, kai da abokan aikinka.

Ni malamar firamare ce mai ritaya, a Unguwar Rogo nake zaune a nan Jos. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne surutun da ake ta yi a kan wasu samari da 'yan mata da ke taruwa ranar Asabar, suna kiran kansu 'yan gurguzu. Wasu na cewa ba su yarda da Allah ba, wasu na cewa kuɗin Turawa suke ci. Gani ya kori ji, sai na yafa mayafina na tafi.

A wani ajin makaranta na same su, zaune kan bencin yara, gwiwoyinsu na dukan tebur. Akwai Hausawa, akwai Birom, Anaguta da Jarawa, har da wani yaro Ibo mai sayar da kayan gyaran mota. Wannan kaɗai ya sa na gyara zama. Duk wanda ya ga rikicin Satumbar 2001, ya ga na 2008 da na 2010, ya san yadda garin nan ya rabu, har ta kai mutum sai ya yi lissafi kafin ya shiga wata unguwa bayan magariba.

Maganar takardar ɗan asalin gari suka ɗauko. Nan fa aka taɓa min ciwo. Haƙar kuza ce ta kawo kakana Jos, a nan aka haifi mahaifina, a nan aka binne shi, amma jikata da ta tashi neman gurbin karatu sai aka ce ta je garin kakanninta ta samo takarda, garin da ko hanyarsa ba ta sani ba. Na faɗi haka raina a ɓace. Sai wata mata Birom mai sayar da dankali a Farin Gada ta miƙe, ta ce ita tana da takardar a ƙasan akwati, amma takardar ba ta taɓa rage mata kuɗin mota ba, ba ta hana masu tikiti tsayawa a kanta kafin ta yi cinikin farko ba. Ajin ya yi tsit. Ni kaina sai da na ji kunya, don ban taɓa tambayar kaina me takardar ta tsinana wa talakan da yake da ita ba.

Kasuwar Terminus ta ƙone tun 2002, sama da shekara ashirin ke nan ba a mayar da ita yadda take ba, kuma wutar ba ta tambayi addinin mai rumfa ba. An cire tallafin mai a Mayun 2023, aka kai mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a 2024. To mai dankali fa, wa ke biyan ta albashi?

Masu cewa wannan aƙida baƙuwa ce sun manta da gida. Jam'iyyar NEPU a 1950 aka kafa ta, kuma Malam Aminu Kano, malami ɗan gidan malamai, a bakinsa kalmar talakawa ta yi nauyi. Gwamnonin jam'iyyar PRP, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, su suka soke haraji da jangali bayan hawansu a 1979. Mahaifina har ya rasu yana ba mu labarin.

Sai dai ni ma ina da ƙorafi a kan yaran, kuma na faɗa musu a gaban idonsu. Rabin taron da Turanci aka yi shi, irin na littafi, mai dankali na ta kallon silin. Sun yi doguwar magana a kan 'yancin mata, amma da ƙishirwa ta zo 'yan matan aka tura sayo ruwan leda, samarin na riƙe da makirufo. Ga shi an sa taron ƙarfe huɗu na yamma, daidai lokacin da uwar gida ke hura wuta. Na ce musu, 'ya'yana, Hajiya Gambo Sawaba sau 16 aka ɗaure ta, kuma ba don ta raba ruwa a taro ba ne. Matan Arewa ba su jefa ƙuri'a a zaɓen ƙasa ba sai 1979. A Maris 2022 majalisar tarayya ta yi fatali da ƙudurorin da za su ƙara wa mata kujeru, har mata suka tare ƙofarta a Abuja. Wanda zai soki majalisa a kan haka, ya fara duba wa ke riƙe da makirufo a ajinsa.

Ba su ji daɗi ba, na gani a fuskarsu, amma sun amince a mayar da taron hantsi, a kuma riƙa fassara da Hausa.

Roƙona, Malam Edita, ka turo wakilinka ya zauna a bencin nan ya ji da kunnensa kafin a ci gaba da yi musu ƙazafi. Ni dai Asabar mai zuwa zan koma, da maƙwabciyata mai ƙosai, in ta sayar da wuri.

Taka mai karatu,
Malamar firamare mai ritaya,
Unguwar Rogo, Jos.