Wa zai yi wa 'ya'yanmu bayanin balaga?

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili kan abin da ke damuna a ajina na ƙaramar sakandare.

Makon jiya na tarar da ɗalibata 'yar shekara 13 a bayan aji tana kuka. Jini ta gani, ta ɗauka ciwo ne, domin ba wanda ya taɓa gaya mata mece ce al'ada. A da, gwaggo ko kaka ke zaunar da yarinya ta koya mata tsarki, tunda kunya kan hana uwa, balle ga 'yar fari. Yanzu kaka tana ƙauye, waya ta gaje ta.

Samarin ma haka. Murya ta buɗe, ƙuraje sun feso, ga saurin fushi, sai mu ce yaro ya lalace. Alhali likitoci sun ce sashen gaban ƙwaƙwalwa, mai sa mutum ya auna abu kafin ya aikata, ba ya gama ƙosawa sai wajen shekara 25. Bulala ba ta gaggauta shi.

Don Allah malaman Islamiyya su riƙa tsayawa sosai a babin haila da janaba kafin yara su kai wurin.

Taku,
Wata malamar makaranta, Zariya