Zuwa ga ƙawata da ke Ingila

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya sanyi? Wata huɗu ko gaisuwa babu, ko fam ɗin Ingila ne ya toshe miki kunne? Akwai tambayar da ta sa na ɗauki biro, amma tukuna, albishirinki: an amince da taken bincikena na digiri na biyu!

A kan zoɓo ne da masu hawan jini. Na san za ki yi dariya, ke da kike shanye na Maman Biyu tun bai huce ba. Abin ya samo asali ne daga wata dattijuwa a ɗakin mata na asibitinmu. Jininta kullum yana hawa yana sauka, mun rasa dalili. Sai da na zauna gefen gadonta muka yi hira, ta ce tana shan zoɓo da tafarnuwa da jiƙon zogale, in ta ji sauƙi ta ajiye ƙwayar asibiti. Na ce, "Mama, me ya hana ki faɗa?" Ta ce ai faɗa muke yi musu. Wallahi har yau maganar na ci mini rai, don gaskiyarta ce.

Da na shiga karatu sai na ga duniya ta yi nisa. A Jami'ar Tufts ta Amurka, a wani bincike da aka wallafa a 2010, an ba mutane kofi uku na zoɓo kullum har mako shida, lambar sama ta jininsu ta sauka da kusan maki 7. Mutum 65 ne kacal, kuma waɗanda ba su fara shan magani ba, shi ya sa malamina ya ce kada in ɗauki abin da zafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta buɗe cibiyar maganin gargajiya a Jamnagar ta Indiya a 2022. Amma yawancin abin da ma'aikatan jinya ke rubutawa tausa ce, da ƙamshin mai, da kiɗa don rage fargabar tiyata. Wa zai bincika me zai faru in jiƙo ya haɗu da ƙwaya a cikin tsohuwa mai ciwon ƙoda? Nan hankalina yake. Mu ne a bakin gado dare da rana, mu za su gaya wa, in mun sassauta murya.

Af, Sista mai gilashi ta yi ritaya, an yi walima, shinkafar ba ta kai ga masu aikin dare ba, har yanzu ana ta ƙorafi. Ƙanwarki kuma na gan ta a biki, ta zama ke sak.

Abin da ke hana ni barci yanzu shi ne takardar tambayoyi. In na rubuta "maganin gargajiya" kowa zai ce a'a, don a wurinsu zoɓo abin sha ne, zogale kuwa kwaɗo. Dole in tambaya da sunan kowanne. To ga tambayar tawa: ke a ganinki, yaya zan tsara takardar?

Ki gaida maigida da yara. Inna ta ce har yau tana jiran man zafin nan.

Taki har kullum.