Wasiƙa ga ƙanena kan canjin aikin da yake shiri

Assalamu alaikum.

Ƙanena, bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da iyali, da su Umma da Baba. Saƙonka ya iso, na ga kana son barin wurin da kake ka nemi aiki a fannin kimiyyar bayanai. Lokacinmu ba ya haɗuwa a waya, idan na tashi daga aiki kai ka yi barci, shi ya sa na zauna na rubuto.

Kada ka ajiye aikinka tukuna, kada ma ka nuna alama a ofis. Sai takardar ɗauka ta shiga hannunka a rubuce, da albashi da ranar farawa a ciki. Alkawarin baki yana rushewa ranar da kasafin kamfani ya canja, ka ga an yi sakin reshe kama ganye. Ka duba yarjejeniyar aikinka ta yanzu ka san wa'adin notis ɗinka, domin tun a kiran farko za a tambaye ka.

Kafin ka sayi wani kwas, ka tara tallan aiki 20 daga LinkedIn, ka rubuta abin da ya fi maimaituwa a cikinsu. Za ka tarar suna ɗaya ne amma aikin kashi uku ne. Akwai mai nazarin bayanai da ke zaune da SQL (yaren da ake tambayar rumbun bayanai da shi) da Excel da Power BI ko Tableau (manhajojin zana rahoto), akwai mai gina samfurin hasashe (shirin kwamfuta da ke koyo daga bayanan baya ya yi hasashe) da yaren kwamfuta na Python, sai injiniyan da ke kula da hanyar da bayanai ke bi har su isa rumbu. Ɗaya za ka zaɓa, taura biyu ba ta taunuwa. Lissafin lokacinka ma zai nuna maka haka: awa ɗaya bayan aiki kwana biyar, awa uku ranar hutu, awa 8 ke nan a mako. A wata huɗu ba ka kai awa 140 ba.

Kashi ɗaya cikin uku na wannan lokacin ka ba SQL, domin a nan ake fara tankaɗe mutane. Umarnin JOIN (haɗa teburori) da GROUP BY (tara layuka rukuni-rukuni) su zauna maka daram, sannan ROW_NUMBER (ba layuka lamba) da LAG (leƙa layin baya). Kurakuran da ke kayar da mutane ƙanana ne. Ka haɗa teburin kwastomomi da na sayayya, kwastoma ɗaya ya fito a layi biyar, ka tara kuɗin rajistarsa, jimla ta ninka biyar ba ka sani ba. Saboda haka ka ƙirga layuka kafin haɗawa da bayanta, kullum. Sai NULL, wato gurbin da babu komai a ciki: AVG mai fitar da matsakaici tsallake shi yake yi, NOT IN mai ware abin da ba ya cikin jeri kuma idan akwai NULL ko ɗaya a jerin ba zai dawo maka da layi ko guda ba. Ka riƙa gwaji a shafukan atisaye irin su HackerRank ko LeetCode da agogo a gabanka, kana faɗin abin da kake yi da baki, don haka za a sa ka yi a intabiyu.

Idan hasashe ka zaɓa, pandas da scikit-learn, kayan aikin Python na sarrafa bayanai da gina samfuri, sun ishe ka a yanzu. Abin da nake so ka riƙe da kyau shi ne yoyon bayanai, wato amsa ta sulale ta shiga cikin abin da samfurin ke koyo da shi. Misali kana hasashen wanda zai rufe asusunsa, alhali cikin bayanan akwai ranar rufe asusu. Sakamako zai yi kyau har ya ba ka mamaki, ranar da aka sa shi aiki na gaske kuma ya watse. Haka idan ka daidaita ma'aunin lambobi kafin ka raba bayanan kashi 80 na koyo da 20 na gwaji, ko ka cakuɗa bayanai masu kwanan wata maimakon ka koyar da na baya ka gwada da na gaba. Ga wani tarkon: idan ciniki ɗaya cikin ɗari ne na zamba, samfurin da ya ce duk halal ne zai ci kashi 99, bai kama ɓarawo ko ɗaya ba. Tambayar da ake jira daga bakinka ita ce: cikin na zamba nawa ya kama, cikin waɗanda ya zarga kuma nawa ne gaskiya?

Satifiket barkatai ba su da nauyin aiki guda da ka yi tun daga tushe. Ka bar bayanan fasinjojin jirgin Titanic na Kaggle, shafin gasar masu kimiyyar bayanai, masu ɗaukar aiki sun gaji da ganinsu. Nemi bayanai na fili masu datti daga fannin da ka riga ka sani, ka tsaftace, ka amsa tambaya ɗaya, ka ɗora a GitHub, shafin da masu shirye-shiryen kwamfuta ke ajiye aikinsu, da bayanin shafi guda: me ka tambaya, me ka zubar, don me, ina ne sakamakon bai da ƙarfi. Amma bayanan wurin aikinka kada su fita ko layi ɗaya, kada kuma ka yi wannan shiri a kwamfutar ofis.

Shekarunka na aiki jari ne, kada ka rubuta CV kamar wanda ya gama makaranta jiya. Kowane layi ya faɗi matsala, da abin da ka yi, da lambar da ta canja, kuma lambar da za ka iya karewa idan an matsa maka. Shafi biyu ne iyaka. Ka fara nema tun wata na uku, da kamfanonin da ba su dame ka ba, intabiyun farko na koyon darasi ne. Bayan kowanne ka rubuta tambayoyin da suka ɗaure ka, su ne karatun makon.

Ka turo mini CV ɗin da tallan guda biyar da suka fi kwanta maka. Lahadi mai zuwa in Allah ya kai mu zan kira, in yi maka tambayoyin SQL na minti 45 kamar da gaske. Ka gaishe da su Umma, ka ce ina nan lafiya sai kewa. A shafa mini kan yara.

Naka,
Yayanka