Ba duk abincin gwangwani ne abin gudu ba

Ranka ya daɗe Edita,

Ina roƙon ɗan fili in kare abincin kanti, wanda ake yi wa kuɗin goro wai duk cuta ne. Ni ma'aikaciyar jinya ce, sai bayan tara na dare nake shigowa gida, ga hawan jini da ya same ni bara. Da wane ƙarfin zan tsaya gyaran ganye?

Waken gwangwani da kifin sadin da daskararrun kayan lambu su suka rufa mini asiri. Waken nakan tsiyaye ruwansa in ɗauraye shi sosai, don gishirin a nan ya taru. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 na gishiri a yini, wajen cokalin shayi guda ke nan. In dafa ƙwai biyu in haɗa, cikin minti goma na ci na kwanta.

Inda ake yi mana wayo shi ne yogot mai ɗanɗano da hatsin karin kumallo. A juya bayan kwalin: abin da aka fara lissafawa shi ya fi yawa a ciki. Da na ga sukari a na biyu nakan mayar da shi kan kanta, ko da 'yata za ta wuni tana kumbure-kumbure.

Wassalam,
Wata mai karanta jaridarku