Takardar Koke Zuwa Ga Mai Martaba Sarkin Zongon Kumasi Kan Hayaƙi Da Ɓawon Itatuwan Aboabo

Assalamu alaikum. Allah ya ja zamanin Sarki.

Bayan gaisuwar ban girma, mu iyaye mazauna Aboabo ne muka kawo kuka. Ranka ya daɗe, ba baƙonka ba ne hayaƙin da ke tashi ta wajen Dagomba Line, inda ake ƙona wayoyin lantarki don a ciro tagulla. Baƙi ƙirin yake, yana kama maƙogwaro, shanyar safe ma sai an sake wanke ta. Masu wannan sana'a 'ya'yanmu ne da ƙannenmu, abinci suke nema, kuma sun fi kowa shaƙar hayaƙin. Ba ƙararsu muka kawo ba.

Itacen dogon yaro ne ya tayar mana da hankali. Wanda ke bakin titi kusa da masallacinmu an sassaƙe shi har iya inda hannu ya kai. Yaro ya kwana da zazzaɓi, kakarsa ta ɗauki wuƙa ta ɓantaro, ta dafa, ta ɗura masa. Alhali ɓawon itace kaushi gare shi, ƙura da toka suna maƙalewa a cikinsa shekara da shekaru, har da ƙarafa masu guba irin su dalma da kadmiyom. Tafasa kuwa ba ta kashe dalma, ai ba ƙwayar cuta ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce komai ƙanƙantar dalma a jinin yaro tana da illa, kuma ƙwaƙwalwa take taɓawa. Gana ta bar fetur mai dalma tun 2004, amma tsofaffin batura da wayoyi suna nan.

To wannan halin na ɓawon shi ne amfaninsa: da shi ake gane irin gubar da ke cikin iskar unguwa. Masana sukan yanko ɓawon ɗan kaɗan daidai tsayin ƙirjin mutum, su shanya, su niƙa, su narkar a asid, na'ura ta faɗi yawan kowane ƙarfe. Sai a kwatanta da itace irinsa daga wuri mai tsabtar iska kamar dajin Owabi da ke wajen Kumasi. Ba sai an girke na'ura mai tsada a unguwa ana nema mata wuta da mai gadi ba.

Muna roƙon Sarki ya rubuta wa Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah (KNUST) da Majalisar Asokore Mampong da hukumar kare muhalli, a zo a auna itatuwan makarantu da masallatai da bakin titi. Samarinmu za su yi jagora. In sakamako ya fito, a karanta mana shi da Hausa bayan sallar Juma'a, kada ya kwanta a ofis. Kafin nan limamai su yi shela a dakata da sassaƙar itatuwan bakin titi.

Su kuma 'yan gwangwan, a nema musu hanyar feɗe waya ba da wuta ba. Kora ba magani ba ce: an rushe kasuwar 'yan gwangwan ta Agbogbloshie a Accra a 2021, sana'ar ta watsu cikin unguwanni.

Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da nasara.

Naka masu biyayya,
Iyaye maza da mata na Aboabo, Kumasi