Rijiyar Awon Ruwa a Tsibirin Rauda

Alƙahira, cikin ɗarin Janairu

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ku da Inna da dukkan mutanen gida. A gaida Kawu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Saƙon da kuka ba Yaya ya iso, har da yajin Inna, wanda abokan ɗakina suka kusa gamawa da shi tun kafin in ɓoye. Mun ƙare jarrabawar zangon farko, saura addu'arku.

Na san za ku ce me ya hana in bugo waya. Ai ku a waya ba kwa wuce "Allah ya yi albarka", sai ku miƙa wa Inna. Abin da na gani shekaranjiya kuwa naku ne, kuma ba ya faɗuwa cikin minti uku. Auta ta karanta muku bayan isha'i.

Shekara biyu ke nan ina garin nan, amma kogin Nilu ban taɓa ganinsa ba sai ta tagar mota. Unguwarmu, Hayyul Ashir, tana can gabas, benaye ne da ƙura. A ce ɗan fadamar Haɗejia guda yana zaune kusa da kogin Annabi Musa bai taɓa tsoma hannu a ciki ba, ai abin kunya ne. Shi ya sa na yi sammako, na hau jirgin da suke cewa metro, na sauka a tashar Mar Girgis, a unguwar da ake kira tsohuwar Masar, na ce yau ƙafa ce za ta yi sauran aikin.

Kuna fitowa daga tashar za ku tarar da wata zagayayyiyar hasumiya ta zamanin Rumawa, rabinta a ƙarƙashin titi. A da, ruwan kogi gindinta yake duka. Yanzu sai mutum ya yi 'yar tafiya yamma kafin ya ga ruwa, domin kogin ya ja da baya ya bar musu ƙasa sun gina gidaje, kamar yadda namu ya bar tsohuwar hanyarsa ta bayan gari. Kusa da nan majami'un Ƙibɗawa suke, Kiristocin ƙasar, da kuma masallacin Amru ɗan As, na farko a Masar, wanda aka kafa a shekara ta 21 bayan hijira. An sha rushe shi ana faɗaɗawa har babu sauran ginin asali. Na yi raka'a biyu na wuce, don ba shi na fito nema ba.

A hanyar kogi na ɓata. Lungunan sun fi na cikin birnin Kano murɗewa, wanki a rataye sama, yara da ƙwallo a ƙasa, ga 'yan A-daidaita-sahu da suke kira tuk-tuk suna gogar mutum. Na tsayar da wani mai gasa dankalin Hausa a kura, na tambaye shi hanya da Larabcin littafi, har da wasullan ƙarshe. Ya saurara tsaf, da na kai aya sai ya ɗaga hannu ya ce "Sadaƙallahul azim!" Duk wajen aka fashe da dariya, har ni. Sannan ya ce "ala ɗul", wato in miƙe. A garin nan ko ina za ka, amsar ke nan. Ya tsaga min dankali mai zafi a takarda, ya ƙi karɓar kuɗi sau biyu, a na uku ya karɓa. Haka al'adarsu take, wanda ya mayar da kuɗinsa aljihu a ƙin farko shi ne bai waye ba.

Wata siririyar gadar masu ƙafa ce ta tsallakar da ni zuwa tsibirin Rauda. A ƙarshensa na kudu, inda ruwa ya rabu biyu, akwai wani ɗan ɗaki mai rufi kamar malafa. Daga waje ba za ku ce komai ba ne. Sunansa Miƙyas, ma'auni. Ciki rijiya ce, Baba, amma ba ta guga ba. An gina ta da sassaƙaƙƙen dutse a shekarar 861, wato 247 bayan hijira, da umarnin Halifa Mutawakkil. Samanta kusurwa huɗu, ƙasanta zagaye, matakala na bin bango har gindi. A tsakiya an kafa ginshiƙin farin dutse mai fuska takwas, an tsattsaga shi kamu-kamu har 19. A jikin bango akwai kafofi uku, wata bisa wata, da ke shigo da ruwa daga kogi. Duk inda kogi ya kai a waje, nan ruwan zai tsaya a ciki, ba igiya ba iska, sai a karanta.

Lissafin kuwa ga shi. Ƙasar nan ba a yi mata ruwan sama na a zo a gani. A da, damunar Habasha ce ke gangarowa, kogi ya cika wajen Agusta da Satumba, ya malale gonaki, ya bar musu baƙar laka. In ruwa ya kai kamu 16, shekara ta yi kyau. In ya gaza da yawa, yunwa ce. In ya zarce da yawa, ya ci gari. A wancan zamani, da wannan ginshiƙi hukuma ke yanke harajin shekara, kuma kullum masu shela na bin unguwanni suna faɗin yatsa nawa ya ƙaru. Ranar da ya cika 16, sai a shafe ginshiƙin da turare, a je a fasa datsin bakin magudanar da ke kai ruwa cikin birni, a yi biki.

Ina tsaye a matakalar nan, ba halifa nake tunani ba, tsamiyarmu ta bakin fadama nake gani. Na tuna yadda kuke saran jikinta da lauje duk shekara daidai inda ruwa ya tsaya, kuna nuna min na Kaka a sama, naku a ƙasa, kuna cewa daga saran nan za ka san ko shinkafa za mu ci ko bashi. Ina yaro na ɗauka dabarar gidanmu ce kawai. Ashe sarakuna ma abin da suka yi ke nan, illa dai su sun samu magina. A saman bangon an sassaƙa ayoyin ruwan sama da tsiro da rubutun Kufi, mai kama da na allonmu. Na ɗan daɗe kafin idona ya saba da shi.

Rijiyar a bushe take ƙayau. An toshe kafofin. Tun da aka gama babbar madatsar Aswan a 1970 kogi ya daina cika ya batse, yanzu injiniya ne ke buɗe masa ƙofa. Dattijon da ke gadin wurin, da ya ji daga inda na fito, sai ya soma ƙorafin madatsar da Habasha ta fara a 2011, wai mutanen sama za su riƙe musu ruwa. Wallahi sai da na yi murmushi, don muryarku na ji sak, ranar da ake hirar madatsun Tiga da Challawa a ƙofar gida. Na ba shi labarin cewa mu ma tun 1974 ruwanmu sai abin da aka sako mana daga Kano, ga kachalla ta cinye hanyoyin ruwa. Bai san ina ne Haɗejia ba, amma ya gane maganar sarai. A ganina su sun fi mu morar tasu, suna noma shekara zagaye, sai dai lakar da kogi ke ba su kyauta yanzu taki suke saye a madadinta.

Daga nan na bi gefen tsibirin na yi arewa, ta unguwar Manyal. Wani abu ya ɓata min rai: mafi yawan bakin ruwan an katange shi da gidajen abinci da wuraren shaƙatawar manya, talaka sai leƙe. A wata 'yar kafa na gangara na tarar da kwalekwale, miji da mata da yara biyu, da risho da bargo, alamar nan ne gidansu. Matar ke tuƙi, mijin na dukan ruwa da gora yana koro kifi cikin raga. Karfasa ce, su suna ce mata bulɗi, ƙanana, waɗanda Kawu zai mayar ruwa. A nan dai na tsoma hannuna. Sanyi kamar ƙanƙara.

Na tsallako na ƙarasa Fummul Khalij, bakin magudanar da na ce ana fasawa. An cike ta tuntuni, titi ne yanzu. Abin da ya rage shi ne wata ƙatuwar hasumiya da doguwar ganuwa mai bakan gizo a jere, ta zamanin sarakunan Mamluka. A da, a saman hasumiyar shanu ke juya na'urar ɗebo ruwa, ya bi kwata ta kan ganuwar har fadar sarki a kan dutse. Jigonmu ne aka yi wa girma. Majema ne suka daɗe a bayanta, an kwashe su zuwa wajen gari.

La'asar ta riske ni ƙafa ta yi tsami. Na sha ruwan rake kofi biyu, na nemi tashar jirgi.

Baba, ina da roƙo. In Yaya ya je ban-ruwan alkama, ya auna min tsamiyar da kamunsa: daga ƙasa zuwa saran Kaka, da zuwa na ambaliyar 2022, da na bana. Ya ɗauko hoto ya turo. Na yi wa dattijon nan alkawarin zan koma in nuna masa.

Batun kuɗin injin ban-ruwa, ina sane, in an biya mu alawus zan turo abin da ya samu. A gaida Inna, a ce mata ina sa rigar sanyin. A gaida Malam na tsangaya, da duk wanda ya tambaye ni.

Wassalam,
Ɗanku